Idan maigida ya faɗi, kada a miƙar masa da wuya

A kusan kowace ma'aikata ta Gwamnatin Tarayya akwai mutumin da ake gane tafiyarsa tun daga nesa. Kafaɗunsa sun ranƙwafa, kansa ya ɗan zubo gaba, kuma idan aka kira sunansa daga baya ba ya waiwayowa da wuya kamar sauran mutane, sai dai ya juyo da jikinsa gaba ɗaya. A masallacin ma'aikata kan kujera yake sallah, in ya zo sallama ma da ƙyar fuskarsa ke karkata dama da hagu. Abokan aiki kan ce tsufa ne, ko sanyin ƙashi, ko kuma illar shekara talatin ana duƙufa a kan fayil. Abin da yawancinsu ba su sani ba shi ne, irin wannan mutum yana iya zamewa a banɗaki, ko direba ya taka birki da ƙarfi a hanyar Kubwa, wuyansa ya karye, alhali wanda ke zaune kusa da shi ko ƙwarzane bai yi ba. Abin da ya fi wannan tayar da hankali kuwa shi ne, sau da yawa yakan tsira daga faɗuwar da ransa, sai abin da masu ƙaunarsa suka yi masa a mintuna da kwanakin da suka biyo baya ya ƙarasa shi.

Wannan ne ya sa nake ganin bai kamata batun ya tsaya a bakin likitocin ƙashi kaɗai ba. Babban ma'aikaci ba kasafai yake faɗuwa a gaban likita ba. A gaban direbansa yake faɗuwa, ko dogarinsa, ko sakatariyarsa, ko masinjan da ya riƙo masa jaka. Su ne ke yanke hukunci na farko, wato a ɗaga shi ko a bar shi, a zaunar da shi ko a kwantar, a nufi asibiti ko a mai da shi gida ya huta. Tarbiyyarmu kuwa ta koya musu cewa ba a barin babba a ƙasa, don haka sai a yi maza a tallabe shi, a miƙar da shi, a karkaɗe masa riga ana yi masa sannu. Ga mai lafiyayyen ƙashin baya wannan ladabi ne. Ga wanda gaɓoɓin bayansa suka haɗe, yana iya zama sanadin shanyewar jiki ko ajali. Matsayata ita ce, duk ma'aikacin da ƙashin bayansa ya sandare wajibi ne ya san halin da yake ciki, ya kuma sanar da na kusa da shi. Ita kuma gwamnatin da ta ɗauke su aiki, wajibinta ne ta koya wa waɗannan na kusa abin da za su yi, ta kuma buɗe hanyar ɗaukar hoton da ya dace ba tare da jan rai ba.

Yadda ƙashin baya ke komawa sanda

Ƙashin bayan ɗan Adam jerin ƙananan ƙasusuwa ne da aka ɗora ɗaya bisa ɗaya: bakwai a wuya, goma sha biyu a bayan ƙirji, biyar a ƙugu, sannan waɗanda suka haɗe a ƙasa. A tsakanin kowane biyu akwai faifan guringuntsi mai laushi, ga kuma jijiyoyi masu ɗaure su. Ta tsakiyar wannan jeri ne laka ta ratsa, ita ce ke kai saƙo daga ƙwaƙwalwa zuwa hannu da ƙafa da mafitsara, har da naman da ke jan numfashi. Idan mai lafiya ya faɗi, jerin yakan lanƙwasa kamar carbi, kowace gaɓa ta ɗauki rabonta na ƙarfin bugun, shi ya sa yakan tashi da ɗan targaɗe kawai.

Akwai cututtukan da ke raba baya da wannan baiwa. Ta farko ita ce amosanin ƙashin baya mai haɗe gaɓoɓi, wanda likitoci ke kira ankilosin sifondilaitis. Yakan fara ne tun da ƙuruciya, galibi kafin shekara 45, da ciwon ƙugu wanda ke tsananta idan an kwanta, ya tashi mutum a ƙarshen dare, ya sandarar da shi da safe, sannan ya lafa idan an motsa jiki. Kumburin da yake haddasawa yakan warke ne ta hanyar tsiro da sabon ƙashi, har faifan guringuntsi da jijiyoyin su ƙasusunce, bayan ya koma abu guda mai kama da gora a hoto. A waje ya yi tauri, a ciki kuwa ƙashin ya zaizaye ya yi rauni. Ta biyu ita ce wadda ake taƙaita sunanta da DISH, wadda likitoci biyu, Forestier da Rotes-Querol, suka bayyana a shekarar 1950. Ita ba ta zuwa da kumburi, sau da yawa ma ba ta zuwa da wani ciwo na a zo a gani. Jijiyar da ke gaban ƙashin baya ce ke komawa ƙashi sannu a hankali, ta haɗe gaɓoɓi huɗu ko fiye. Ta fi kama maza da suka haura shekara 50, musamman masu ƙiba da masu ciwon suga.

Idan irin wannan sandararren baya ya gamu da bugu, ba shi da gaɓar da za ta lanƙwasa. Sai ya karye kamar alli, daga gaba har baya, ya rabu gida biyu, dogon guntu a sama da dogon guntu a ƙasa, laka kuma tana tsakaninsu ba abin da ke kare ta. Wurin da ya fi karyewa shi ne ƙasan wuya, tsakanin ƙashi na biyar zuwa na bakwai, kuma galibi hakan na faruwa ne idan kai ya wancakala baya, kamar wanda ya faɗi ya bugi goshi ko haɓa, ko wanda aka daki motarsa daga baya. Jijiyar da ke sarrafa numfashi daga ƙashi na uku zuwa na biyar na wuya take fitowa. Mai wannan cuta kuwa sau da yawa haƙarƙarinsa ma ya haɗe da baya, ƙirjinsa ba ya buɗewa sosai, saboda haka da zarar raunin laka ya taɓa numfashi, ko ciwon huhu ya shiga bayan doguwar kwanciya, ba shi da wani rarar ƙarfi da zai dogara da shi.

Wasu cututtuka biyu ma suna da alaƙa da wannan haɗari ta wata fuskar. Amosanin gaɓɓai na rumatoyid, wanda ya fi kama mata, yana iya sassauta ɗaurin da ke tsakanin ƙashi na ɗaya da na biyu na wuya, dab da gindin kai. Zaizayar ƙashin wuya ta tsufa kuma, wadda ta fi duk sauran yawa, tana iya matse ramin da laka ke bi, ta yadda ƙaramar faɗuwa za ta ƙuje lakar ko da ƙashi bai karye ba. Irin wannan majinyaci yakan iya takawa da ƙafafunsa, amma hannayensa su kasa riƙe biro.

Abin da alƙaluma suka nuna

A shekarar 2009 wasu likitoci a birnin Utrecht na ƙasar Holan suka tattara rahotannin da aka wallafa kan karayar ƙashin baya a masu waɗannan cututtuka biyu na farko: mutum 345 masu amosani mai haɗe gaɓoɓi da mutum 55 masu DISH. Sun tarar mafi yawan karayar a wuya take, kuma bugun da ya jawo ta ƙarami ne. Kimanin kashi 67 cikin 100 na rukunin farko da kashi 40 cikin 100 na rukuni na biyu sun isa asibiti da alamun raunin laka. Cikin wata uku da samun raunin, kusan kashi 18 cikin 100 na rukunin farko da kashi 20 cikin 100 na rukuni na biyu sun rasu. Shekara guda bayan haka, wani babban asibitin haɗurra a birnin Seattle na Amurka ya wallafa sakamakon majinyata 112, inda kusan kashi ɗaya cikin uku suka rasu, kuma kusan mutum ɗaya cikin biyar ba a gano karayarsa da wuri ba. Wani bincike a ƙasar Finland a 2002 ya nuna cewa raunin laka ya ninka sau goma sha ɗaya a masu amosani mai haɗe gaɓoɓi idan aka kwatanta da sauran jama'a.

Mai karatu ya lura da inda aka samo waɗannan alƙaluma. Ƙasashe ne da motar asibiti ke isowa da ƙwararrun ma'aikata, ga na'urar hoto a kusa da ƙofar sashen gaggawa. Idan a can ana rasa mutum ɗaya cikin biyar, sai mu tambayi kanmu abin da zai faru da wanda aka naɗe a kujerar bayan mota, aka bi da shi ta cunkoson Nyanya, kansa na rangaji a cinyar ɗan'uwansa.

Dalilin makara

Makarar takan fara ne daga majinyacin kansa. Mutumin da ya shekara ashirin yana fama da ciwon baya ya saba da zafi, don haka idan ya faɗi ya ji wuyansa na ciwo, sai ya ɗauka tsohon ciwon ne ya motsa. Yakan tashi da ƙafarsa, ya sha maganin kashe zafi, ya halarci taro, wani lokaci har ya yi tafiya. Ƙashin ya riga ya karye, sai dai guntayen ba su goce ba tukuna. Kwana biyu ko uku bayan haka, juyi ɗaya a kan gado, ko faɗawar mota cikin rami, ko jinin da ke taruwa a hankali yana danne laka, sai a wayi gari hannu da ƙafa sun mutu.

Daga nan sai makarar iyali da abokan arziki. Wani zai kawo mai tausa, wani zai ce a kira mai ɗori, wani kuma ya ba da labarin wanzamin da ya iya murɗa wuya har ya yi ƙas. Masu ɗori suna da matsayi a al'ummarmu, amma karayar wuya ba hurumin ja da murɗa ba ce, kuma a wuyan da ya haɗe wannan shi ne ainihin gyaran gangar Auzinawa. Ta uku ita ce makarar asibiti. Hoton eksire na yau da kullum yakan kasa nuna irin wannan karaya, domin ƙashin ya riga ya cakuɗe da sabon tsiro, ya kuma yi shara-shara, ga kafaɗu sun tare ƙasan wuya, wato daidai wurin da ya fi karyewa. Likitan da ya ga mutum ya shigo da ƙafarsa, ya ji cewa zamewa kawai ya yi, ya duba hoto bai ga komai ba, yana iya sallamarsa da magani. Ko shahararriyar ƙa'idar nan ta ƙasar Kanada ta 2001, wadda ake amfani da ita wajen tantance wanda ke buƙatar hoton wuya bayan haɗari, ba a gwada ta a kan masu sanannen ciwon ƙashin baya ba, domin tun farko an cire su daga binciken. Abin da masana suka tsaya a kai shi ne, mai sandararren baya da ya ji sabon ciwo bayan bugu, komai ƙanƙantarsa, a ɗauka ya karye har sai hoton CT ya nuna akasin haka. Ana kuma ɗaukar bayan gaba ɗaya, domin karayar kan zo a wuri fiye da ɗaya, sannan a ƙara da hoton MRI idan akwai alamar an taɓa laka.

Taimakon da ke kisa

Duk wanda ya taɓa halartar horon agajin gaggawa ya ji cewa wanda ake zargin ya karye a wuya ana kwantar da shi a miƙe a kan katako, a daidaita kansa, a sa masa kwalar wuya mai tauri. Wannan ƙa'ida an gina ta ne a kan mutumin da wuyansa dama a miƙe yake. Wanda bayansa ya haɗe a ranƙwafe, idan aka kwantar da shi a shimfiɗe ƙeyarsa ba ta taɓa ƙasa. Idan aka danna kan domin ya sauka, ko aka ɗaga haɓarsa domin kwala ta zauna, babu gaɓar da za ta ba da hanya sai wurin karayar, can ne zai buɗe kamar ƙyauren ƙofa ya matse laka. Tun a 1999 mujallar likitoci ta Birtaniya, BMJ, ta wallafa gargaɗi kan yadda kwala mai tauri ke ta'azzara raunin wuya a mai wannan cuta. A 2016 kuma hukumar NICE, mai tsara ƙa'idojin jinya a Ingila, ta rubuta a ƙa'idarta ta kula da raunin ƙashin baya cewa ba a sa kwala ga wanda aka san bayansa ya lanƙwashe saboda irin wannan amosani, sai dai a tallafe shi a yanayin da yake.

Saboda haka abin da ake nema daga direba ko hadimi ba shi da yawa, kuma bai buƙatar takardar shaidar karatu. Kada a ɗaga shi sai in akwai haɗarin gobara ko motoci na iya bi ta kansa. Mutum ɗaya ya durƙusa ya tallafi kan da hannu biyu a yadda ya same shi, ba ja, ba murɗawa. A cike gurbin da ke tsakanin ƙeyarsa da ƙasa da naɗaɗɗiyar riga ko darduma ko matashi. In yana cikin hayyacinsa a saurare shi, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma in ya ce wani motsi na ƙara masa zafi a tsaya nan take. Kada a ba shi ruwa ko abinci. A kira 112, ko 122 ta Hukumar Kiyaye Haɗurra in a kan hanya ne. In ya zama dole a motsa shi, a taru da yawa, mai riƙe da kai shi ke ba da umarni, a ɗauke shi a dunƙule ba tare da an sauya lanƙwasar bayansa ba. In numfashi ya tsaya, ceton rai ne a gaba da komai. Sannan a riƙa maimaita magana ɗaya ga duk wanda ya karɓe shi, daga ma'aikacin motar asibiti zuwa nas, zuwa mai ɗaukar hoto, zuwa likitan da zai sa masa bututun numfashi: ƙashin bayansa a haɗe yake, dama haka wuyansa yake, kada a miƙar da shi.

Hujjojin masu cewa ba damuwarmu ba ce

Za a ce wannan cutar Turawa ce. Akwai ƙamshin gaskiya a nan, domin amosani mai haɗe gaɓoɓi yana da alaƙa da wani tambarin gado mai suna HLA-B27, wanda aka gano dangantakarsa da cutar a 1973, kuma tambarin bai yawaita a Afirka ta Yamma ba. Hasali ma wani bincike da aka wallafa a 1997 ya samu tambarin a jikin kimanin kashi 6 cikin 100 na Fulanin Gambiya, amma bai samu mai cutar ba a cikin waɗanda aka duba. Sai dai ƙarancin abu daban, rashinsa daban, kuma likitoci a Togo da Burkina Faso sun wallafa rahotannin masu ita. Bugu da ƙari, cutar da aka ɗauka ba ta nan ita ce aka fi makara wajen ganowa. DISH kuwa ba ruwanta da wancan tambari. Abokan tafiyarta su ne shekaru da ƙiba da ciwon suga, kuma duk wanda ya san matakin darakta zuwa sama ya san ba baƙi ba ne a can. A 2014 masana biyu na ƙasar Masar, Sahar Saleem da Zahi Hawass, sun ɗauki hoton CT na gawarwakin sarakunan Masar na da, suka tarar da DISH a bayan huɗu daga cikinsu, har da Ramsis na Biyu. Ke nan tun fil'azal cuta ce da ta san gidan manya a nahiyar nan.

Hujja ta biyu ita ce sirri, kuma ita ce mafi nauyi. A aikin gwamnati lafiyar maigida abu ne da ake rufewa ruf. Darakta na tsoron kada a ce ya gaza a daidai lokacin da ake neman babban sakatare. Mai riƙe da muƙamin siyasa na tsoron bakin abokan hamayya. Ƙaramin ma'aikaci na tsoron a tura shi gaban kwamitin likitoci. Hadimi kuma ya ɗauka amanarsa ita ce ya ce lafiya lau, ya shigar da maigida mota ta ƙofar baya kafin kowa ya gani. Wannan tsoro yana da tushe, kuma ba na kiran kowa ya liƙa takardar asibitinsa a allon sanarwa. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta kare sirrin majinyaci, haka ma Dokar Kare Bayanai ta 2023. Amma mutum uku ko huɗu da kullum suke tare da shi, wato iyalinsa da direbansa da hadiminsa na kusa, ɓoye musu ganganci ne. Jimla ɗaya ta wadatar, tare da ɗan kati a aljihu da kwafin tsohon hotonsa a waya. Hadimin da aka ba amanar lambar asusun banki da makullin ofis ba zai kasa riƙe wannan ba.

Hujja ta uku ita ce kuɗi. Gaskiya ne hoton CT na da tsada, kuma a tsohon tsarin inshorar NHIS rabin kuɗin irin waɗannan hotuna kawai ake biya wa mai rajista. To amma a auna kuɗin hoto ɗaya da kuɗin makonni a sashen kulawa ta musamman, da keken guragu, da mai jinya na dindindin, da kuɗin inshorar rai na ninki uku na albashin shekara da Dokar Fansho ta 2014 ta wajabta wa mai ɗaukar aiki ya tanada. Ko da lissafin baitulmali kaɗai za a bi, hoton ya fi araha.

Abin da ya kamata a yi

Ofishin Shugaban Ma'aikatan Tarayya yana da ikon da zai sa a shigar da wannan darasi cikin horon direbobi da jami'an tsare-tsare da masu gadi, darasin da bai wuce rabin awa ba. Asibitocin ma'aikata, irin na Jabi, su riƙa sanar da duk wanda hotonsa ya nuna haɗewar gaɓoɓi ma'anar abin da aka gani, domin sau da yawa ana cin karo da DISH ne a hoton ƙirji da aka ɗauka don wani dalili daban, a rubuta a rahoto, a rufe fayil, mai jikin bai san komai ba. Hukumar Kiyaye Haɗurra da shirin NEMSAS na motocin agajin gaggawa, wanda aka ƙaddamar a Abuja a 2022, su tabbatar jami'ansu sun san wanda ba a sa wa kwala, su kuma riƙa tambaya ɗaya kafin su taɓa mai rauni: dama haka wuyansa yake?

Hukumar NHIA, wadda dokar 2022 ta kafa, ta fito fili ta sanya hoton CT da MRI ga mai sandararren baya da ya samu bugu cikin jerin ayyukan gaggawa da ba sa jiran lambar izini daga kamfanin inshora, kuma kariyar ta bi ma'aikaci har bayan ritaya, tunda shekara 60 da ake barin aiki ita ce lokacin da haɗarin ke ƙaruwa. Sashe na 20 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ya riga ya haramta hana kowa kulawar gaggawa bisa kowane dalili, kuma dokar ta ware kashi 5 cikin 100 na asusun kula da lafiya a matakin farko domin jinyar gaggawa. Abin da ya rage shi ne a fahimci cewa dattijon da ya shigo da ƙafarsa yana dafe da wuya shi ma na gaggawa ne. Hadimai kuma su san tun kafin ranar buƙata inda ake da na'urar hoto mai aiki da likitan tiyatar ƙashin baya. A Abuja akwai Cibiyar Kula da Haɗurra ta Babban Asibitin Ƙasa da Asibitin Koyarwa na Gwagwalada, ga kuma asibitocin ƙashi na ƙasa a Dala da Igbobi da Enugu ga wanda abin ya same shi a kan tafiya.

Masu kula da gine-ginen gwamnati su ma suna da kaso. Jiƙaƙƙen tayil a wurin alwala da banɗaki, matakala marar abin dafawa, lif da ke tsayawa da zarar wuta ta ɗauke, duk tarko ne ga mutumin da ba ya iya sunkuyar da kai ya ga inda zai sa ƙafa, balle in yana sanye da babbar riga. Dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba gine-ginen jama'a wa'adin shekara biyar su gyara, kuma wa'adin ya cika. A cikin mota kuwa, zaman kujerar baya ba ya ɗauke wa kowa ɗaura bel, matashin kujera ya zauna dab da ƙeya, gudun ayarin motoci kuma hadimai ne ke da ikon rage shi.

Kada a ɗauka maganar ta manya ce kaɗai. Masinja mai shekara 55 da ke hawa babur daga lungun Mararaba zuwa bakin titi kowace safiya ya fi maigidansa fuskantar bugu, kuma ba shi da dogari. Dokar Biyan Diyya ga Ma'aikata ta 2010, wadda hukumar NSITF ke aiwatarwa, ta haɗa da haɗarin da ya samu ma'aikaci a hanyarsa tsakanin gida da wurin aiki, saboda haka ƙungiyoyin ƙwadago suna da hurumin sa baki. Shi kuma matashin ma'aikaci da ciwon ƙugu ke tayarwa da asuba fiye da wata uku, ya daina dogaro da kantin magani ya nemi likitan amosani, domin motsa jiki da magungunan zamani suna rage kumburin, kuma gano cutar da wuri ya fi amfani.

Hausawa na cewa in kunne ya ji, jiki ya tsira. A wannan lamari kunnen da ya fi muhimmanci shi ne na wanda ke tsaye kusa lokacin da abin ya faru. Duk maigidan da ya san ba ya iya waiwaye, ya kira direbansa da hadiminsa a wannan makon ya faɗa musu. Duk hadimin da ya lura da haka a jikin maigidansa, ya nemi lokacin da suke su biyu ya ce, ranka ya daɗe, in wani abu ya faru, yaya likita ya ce a riƙe ka? Tambayar tana da nauyin faɗa, amma tana cikin aikin da aka ɗauke shi domin shi.